Fili mai ciyawa ko busasshe, wanne ya fi a kurket na kwana biyar?

Gardamar nan dariya take ba ni wallahi, kowa nasa yake yabo. 'Yan Ingila da Ostireliya sun fi son a bar 'yar ciyawa a tsakiyar fili, ƙwallo na dira sai ta zille gefe ko ta taso har ƙirji, masu jifa da ƙarfi su yi ta sharafi. Amma in ciyawar ta yi yawa an shiga uku, a filin Gabba na birnin Brisbane a 2022, wasan Ostireliya da Afirka ta Kudu kwana biyu kacal aka tashi.

Indiya kuwa busasshiyar ƙasa, tana tsagewa ƙura na tashi, masu murza ƙwallo da yatsa su ne sarakai. Wasan Indiya da Ingila a birnin Ahmedabad a 2021 shi ma kwana biyu, har Joe Root, ɗan wasan Ingila da ba jifa ne aikinsa ba, ya fitar da masu bugu 5 ya ba da maki 8 kacal, kai jama'a.

Ni dai busasshen nake so in an gyara shi da hankali, ranar farko ya yi tauri mai bugu ya sake, sai rana ta huɗu tsagar ta buɗe ya fara cin mutane.