Dillalin gidajen haya a Agege: abin da na gani a neman ciki da falo

Na shafe mako bakwai ina neman ciki da falo tsakanin Agege da Ogba a Legas ta hannun wani ofishin dillancin gidaje, kuma na ga ya dace in rubuta abin da na gani domin 'yan uwana mata, musamman waɗanda ba su da miji a kusa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, mijina ya rasu ya bar mini 'ya'ya biyu, kuma da albashina nake biyan haya.

Ta fuskar aiki, ofishin ya cancanci yabo. Dillalin haifaffen Agege ne, yana jin Hausa da Yarbanci sosai, yana cika alkawarin lokaci, kuma duk kuɗin da na ba shi sai ya rubuta mini rasit. Bai taɓa neman in biya fiye da hayar shekara ɗaya ba, wanda shi ne iyakar da dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta gindaya wa sabon ɗan haya.

Inda abin ya ɓaci shi ne ƙofar masu gidajen. Akwai wani gida mai bene da ya kwanta mini a rai, mun gama magana ta waya, amma da mai gidan ya gan ni da hijabi ya kuma ji sunana, sai ya tambayi dillalin da Yarbanci wane ne zai riƙa biya mini haya. Na miƙa katin shaidar aikina, bai karɓa ba, ya ce in koma in zo da mijina. A hanyar komawa dillalin ya ce mini, "Hajiya, kada ki ɗauka ƙabilanci ne, ai akwai Bahaushe ɗan kasuwa a ƙasa, kuma ba mata yake ƙi ba, tunda akwai malamar makaranta Bayarabiya mara aure a sama." Gaskiya ya faɗa, kuma wannan gaskiyar ce ta fi yi mini ciwo, domin mai gidan ya yarda Bahaushe namiji zai iya biya, ya yarda Bayarabiya za ta iya riƙe kanta, amma Bahaushiya a wurinsa sai wani ya tsaya mata. Ban kuma tsira a wurin namu ba, domin wani dattijo Bahaushe a Zango ya ce ba ya ajiye bazawara a gidansa.

Irin wannan hujja ta dillalin tsohuwa ce. Wasu mata baƙaƙen fata biyar a Amurka sun kai ƙarar kamfanin General Motors, a shekarar 1976 kotu ta ƙi haɗa ƙorafin launin fata da na jinsi wuri ɗaya, alhali matan da kamfanin ya daɗe yana ɗauka farare ne, baƙaƙen da yake ɗauka kuma maza ne. Daga shari'o'i irin wannan ne masaniyar shari'a Kimberlé Crenshaw ta bayyana a 1989 cewa wariya biyu idan suka haɗu a kan mutum ɗaya, sukan haifar da wata cuta wadda ba a ganinta idan an duba kowace ita kaɗai. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana wariya saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini, amma lafazinsa ya fi karkata ga dokoki da ayyukan hukuma, shi ya sa mai gida yake faɗin sharaɗinsa ba tare da shakka ba.

Laifin ofishin a wurina guda biyu ne. Ya karɓi kuɗin duba gida a wuraren da ya san halin masu su tun da farko, sannan ya ba ni shawara in zo da wani namiji ya tsaya a matsayin mijina, abin da na ƙi, domin ba zan shiga gida da 'ya'yana a kan ƙarya ba.

Mace za ta iya amfani da ofishin, amma kafin ta biya ko sisi, ta sa dillalin ya kira mai gidan a gabanta ya faɗa masa ƙabilarta da matsayin aurenta. Da na fara yin haka, cikin kwana tara na sami gida a Ogba wurin wata dattijuwa Bayarabiya, wadda ta nemi katin aikina da mai tsaya mini guda ɗaya kawai, ta kuma karɓi shugabar sashenmu, wadda mace ce.