Ɗanyen katako ko busasshe: da wanne za ka yi wa injinka rumfa?

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sanya albarka a sabon injin. Tambayarka, in na fahimce ta, ita ce: ka sayi ƙaramin injin tsaga katako, yana nan a fili rana da ruwa suna dukansa, ga gumagumai a ajiye, kana son yi masa rumfa da katakon da kai za ka tsaga da hannunka. Shin ka tsaga ka gina nan take da ɗanyensa, ko ka jera shi ya bushe tukuna? Na ga wasu 'yan'uwa sun ce maka gini da ɗanye asara ce, wasu kuma sun ce jira ɓata lokaci ne.

Ni dai ra'ayina, dirkoki da matokarai da rafta da allunan bango, duk ka yi su da ɗanye. Abubuwan da ba su yarda da ɗanye ba kaɗan ne, amma ɗaya daga cikinsu shi ne mafi haɗari a duk ginin, zan zo kansa.

Sai ka san yadda katako ke motsi kafin ka iya auna biyun. Itacen da aka sare yanzu ruwa iri biyu ke jikinsa, akwai wanda ke kwance a ramukan cikinsa, akwai wanda naman itacen ya tsotse. Fitar na farko nauyi kawai take ragewa, girman katakon bai canza ba. Sai danshi ya sauko ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen itacen, sannan katako yake fara tsukewa. Kuma ba daidai yake tsukewa ta kowane ɓangare ba. Daga ɗanye zuwa bushewa ƙarƙaf, yakan ragu da kashi 6 zuwa 10 ta kewayen zobban itacen (da'irorin da ake gani a bakin gungume in an yanke shi), kashi 3 zuwa 5 daga cibiya zuwa ɓawo, amma ta tsawo abin bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 ba. Katakon da ya bushe a iska ba ya kai wa ƙarshen nan, yakan tsaya tsakanin kashi 12 da 20 gwargwadon yanayin wurin, saboda haka kusan rabin wannan tsukewar za ka gani. Falankin inci 10 zai rasa abin da ya kusa rabin inci a faɗinsa. Dirka mai ƙafa 12 kuwa ko kwatan inci ba za ta rasa a tsayinta ba.

Wannan bambanci shi ne duk sirrin. Ginin da nauyinsa ke bi ta tsawon katako, daga rufi zuwa dirka zuwa ƙasa, bushewa ba ta taɓa tsayinsa. Wurin da ake dogara da faɗin katako, kamar ƙofa ko bangon da aka haɗa baki da baki, nan ne ɗanye ke ba mutum kunya.

Ta wajen lokaci, tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Masu sana'ar suna da tsohon lissafi, shekara guda ga kowane inci na kauri in itacen mai tauri ne. Itace mai laushi da wuri mai zafi da iska sun fi haka sauri ƙwarai, falankin inci ɗaya kan bushe cikin 'yan watanni. To amma dirkar inci 6 da 6 fa? Bayanta zai bushe, cikinta na nan da ruwa shekaru. Wanda ya ce sai dirkokinsa sun bushe zai kafa su, ya yarda ke nan injinsa ya ci damina biyu ko uku a waje, layin dogon da zarton ke gudu a kai na tsatsa, bel na ƙeƙashewa, ruwa na neman hanyar shiga man. Ƙari a kan haka, shi kansa katakon da ake busarwa rufi yake so. Ka ga an koma gidan jiya, ana neman rumfa don a busar da katakon rumfa.

Gini da ɗanye ba dabarar masu gaggawa ba ce. Kafintocin Ingila na da, da ɗanyen oak, wani itace mai tauri na ƙasarsu, suke kafa manyan rumbunansu, su bar shi ya bushe a tsaye. Akwai wani rumbun sha'ir a Cressing Temple, cikin yankin Essex, wanda binciken zobban katakonsa ya nuna an sare itatuwansa tsakanin 1205 da 1230, kuma har yau yana tsaye. Ba sa'a suka ci ba, sun san inda itace zai motsa ne suka bar masa hanya.

A hannu ma ɗanye ya fi daɗin aiki. Zarto na cinsa cikin sauƙi, kurfi na shiga, ƙusa ba ta tsaga shi. Itace mai tauri in ya bushe, sau da yawa sai an huda kafin ƙusa ta shiga, in ba haka ba ta lanƙwashe ko bakin katakon ya dare. Inda busasshe ya fi shi ne wajen ɗauka. Ɗanye kan fi busasshensa nauyi da rabi, wani ma fiye, kuma za ka san haka ranar ɗora katako a kan dirka. Kada ka yi wannan aikin kai kaɗai. Akwai kuma wata fa'idar busasshe da ya kamata in faɗa da gaskiya: duk wanda zai murɗe ko ya gantsare ya riga ya yi a cikin jeri, ka gan shi, ka ware shi. Da ɗanye, sai bayan ka kafa kake sanin halinsa. Abin da ke rage wannan shi ne zaɓe tun a kan injin. Gungumen da ya girma a karkace, ko wanda zarensa ya murɗa kamar igiya, ko wanda ka ga falanki na bankarewa tun zarto bai fita ba, kada ya shiga ƙashin gini. Dirka kuma ka tsaga ta yadda cibiyar itacen za ta zauna a tsakiyarta daga sama har ƙasa. Za ta yi tsaga a gefe yayin bushewa, wannan ba ya rage mata ƙarfin ɗaukar nauyi, kuma ta fi zama a miƙe a kan wadda cibiyarta ke yawo daga gefe zuwa gefe. Da ka kafa da wuri bayan tsagawa ya fi, domin katakon da aka ɗaure cikin gini maƙwabtansa na riƙe shi, wanda aka yar a ƙasa kuwa yadda ya ga dama yake bushewa.

Yanzu ga wurin da nake so ka natsu. Rumfar injin katako ba kamar sauran rumfuna ba ce, dole gefe ɗaya ya zama a buɗe babu dirka a tsakiya, don a mirgino gungume zuwa kan injin. Bim ɗin, wato ƙaton katakon da ake gittawa a kan dirkoki, da zai tsallake wannan ƙofa shi ke ɗauke da rabin rufin, kuma a nan busasshe ya yi wa ɗanye nisa. Gwajin ƙananan katakai marasa aibi ya nuna ƙarfin jure karyewa kan ƙaru da rabi ko fiye in danshi ya sauka daga ɗanye zuwa kashi 12. Abin da ya fi wannan damuna shi ne saɓulewa a hankali. Ɗanyen bim da ke bushewa da kaya a kansa yakan ci gaba da yin ciki wata bayan wata, har ya ninka lanƙwasar ranar farko sau biyu ko fiye, kuma in ya bushe a haka ya zauna ke nan.

Lissafin tazara ma ba ya da sassauci. In nauyin kowace ƙafa bai canza ba, ka ninka tazarar sau biyu, lanƙwasar sau 16 take ninkuwa. Maganinta zurfi ne, ba faɗi ba: ninka faɗin bim sau biyu na ƙara masa tauri sau biyu kawai, ninka zurfinsa kuwa sau 8. Ga kuma wani abu da mutane ba sa hangowa sai sun zo kai. Ƙofar dole ta fi gungume mafi tsawo da injinka ke ɗauka, ke nan bim ɗinta ya fi abin da injin zai iya tsagawa. Ko dai ka ƙara wa layin dogon tsawo, ko ka haɗa tiros mai kusurwa uku-uku da gajerun katakai, ko ka sayi bim na ƙarfe don wannan wuri ɗaya. Sayen ƙarfen ba gazawa ba ne, ni shi nake ba da shawara in ƙofar ta doshi ƙafa 20. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a jona gajerun falankai a tsakiyar tazara a ce ƙusa za ta riƙe. Mahaɗa a kan dirka take zama. In kuwa ka samu dogayen falankan inci 2 da suka kai daga dirka zuwa dirka, ka fara tsaga su tun yau, su fara bushewa yayin da kake aikin harsashi, sannan ka haɗa uku ko huɗu a tsaye da noti. Wannan ya fi ƙaton ɗanyen bim guda. In dole sai ɗanyen, ka ƙara masa zurfi, ka sa doronsa ya kalli sama, ka yi masa matokarai daga dirkokin gefe biyu, ka kuma tokare tsakiyarsa da sandar da za ka riƙa cirewa lokacin shigo da gungume, har shekara ta zagayo. Girman bim ɗin kansa, ka kai wa injiniya ya lissafa maka da irin itacenka, iskar wurinku da nauyin rufin. A ƙarƙashinsa za ka wuni kana aiki.

Batun ƙusa da noti, busasshe ba ya ba da wahala, ka ɗaure ka manta. Ɗanye kuwa in ya tsuke, ƙusa mai santsi takan saki, noti ya yi sako-sako. Ka yi amfani da ƙusa mai zobba a jiki ko sukurori, manyan mahaɗai kuma noti da washa mai faɗi, a wurin da sufana za ta iya kai wa, don za ka dawo ka ƙara ɗaurewa bayan wasu watanni, ka sake bayan shekara. Kada ka jera noti biyu nesa da juna ta faɗin katako ɗaya a kan farantin ƙarfe, katakon zai so tsukewa, ƙarfen ya hana, sai ya tsage a tsakaninsu. Wasu itatuwa, irin su oak, ruwansu na cin baƙin ƙarfe ya bar baƙin tabo, don haka ƙarfe mai rufin zinki ya fi.

Bango da ɗanyen falanki yana yiwuwa sarai, in an bi hanyarsa. Ka jera allunan a tsaye, ka kafa kowanne da ƙusa a tsakiyarsa kawai, sannan ka rufe tsakanin kowane biyu da siririn katako mai faɗin inci 3, ƙusarsa ta bi ta ratar ba tare da ta taɓa allunan ba. Allo zai tsuke a ƙarƙashin murfinsa ba tare da ya tsage ba, ratar kuma ba ta bayyana. Ɓangaren da ke kallon cibiyar itace shi za ka juyo waje, domin falanki wajen ɓawo yake naɗewa, ka ga bakunansa za su rungumi bango maimakon su ɗago. Wanda ya buga ɗanyen allo da ƙusa a baki biyu, zai tarar da shi a tsage gida biyu. Ba na ma son ka rufe rumfar ruf. Hayaƙin inji na kisa a wurin da iska ba ta ratsawa, garin katako na son hanyar fita, kuma iskar ce za ta busar maka da ginin. Fenti ma ka dakata da shi sai katakon ya bushe, in ba haka ba ya kulle ruwa a ciki ya ɓare.

A ƙasa kuwa, daga ɗanyen har busasshen babu mai tsira. Ruɓa na kama katakon da danshinsa ya daɗe sama da kashi 20, kuma dirkar da aka binne tana shan laima ko da a bushe ta shiga ramin. Ga gara. Farin naman da ke bin ɓawo ba ya jure ƙasa a kowane irin itace. In da wanda ya ɗan fi a nan, busasshe ne, don shi ke shan maganin kariya, ɗanye cike yake da ruwa, maganin a fata yake tsayawa. Mafita ita ce kada katako ya taɓa ƙasa sam. Ka zuba ginshiƙan kankare su ɗago kamar ƙafa guda, ka dasa ƙarfe a ciki, ka ɗaure dirka a kai da 'yar rata a ƙasanta don ruwa ya tsane. Ɗaurin nan ya zama na gaske, domin rumfa mai buɗaɗɗen gefe iska daga ƙasa take ɗaga ta. Dirkar da ba a binne ba kuma matokarai ne kaɗai ke hana ta rangaji, kada ka yi rowarsu a kowace kusurwa. Rufin ya zarce bango da ƙafa 2 ko fiye.

Ƙofa, taga, teburin aiki da akwatin ajiye zarto, waɗannan busasshe kawai. Ka tsaga allunansu tun farko, ka jera su a kan gado mai tsayi daga ƙasa, da siraran sanduna busassu tsakanin kowane layi, tazarar inci 16 zuwa 24, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta. Ka shafe bakunan da fenti ko kaki, don ta nan ruwa ya fi saurin fita har baki ya tsage, ka ɗora kwano da nauyi a sama. In ba ka da na'urar auna danshi, yanki guntu daga tsakiyar allo ka auna a sikeli, ka gasa shi a zafin digiri 103 na ma'aunin Celsius har nauyinsa ya daina sauka, ka raba abin da ya rasa da nauyin ƙarshe, ka ninka da 100.

Kafin ka haƙa rami, ka tambayi hukumar gine-ginen yankinku. A wurare da yawa na Amurka da Kanada, alal misali, ba a yarda katakon da ba shi da hatimin tantancewa ya ɗauki nauyin gini ba, ko da yake wasu wuraren suna sassauta wa rumfunan gona. Ka turo mana irin itacen da kake da shi, tsawon layin injinka da faɗin ƙofar da kake so, mu duba ko bim ɗin katako zai yi ko sai ƙarfe.