Shekara guda da ƙaramar a-kori-kura: motar ta yi mini, takardunta ne suka ɓata mini rai

Shekara guda ke nan cif da na sayi ƙaramar a-kori-kura a nan Amurka, irin waɗanda suka fara shigowa kasuwa a 2021, masu ƙofa huɗu da ɗan bodi a baya, waɗanda ake ginawa a kan ƙashin ƙananan jif na iyali da ake kira kurosoba. A watannin farko babu abin da ke fita daga bakina game da ita sai yabo. Ba ta da girgiza irin ta manyan a-kori-kura, domin jikinta da shasinta a haɗe suke tamkar na ƙaramar mota, ba bodi ba ne da aka ɗora a kan doguwar shasi ta ƙarfe. Ba ta shan mai yadda na ji tsoro, kuma duk wurin da ƙaramar mota za ta tsaya ita ma tana tsayawa.

Ranar da takardar sabunta rajista ta iso ne raina ya ɓaci. A shekarar farko dillalin ya cusa kuɗin rajista a cikin jimillar cinikin, saboda haka ban ga yadda aka rarraba shi ba. Wannan karon kuwa sai na ga an rubuta motata a rukunin motocin kasuwanci, an kuma ƙara mini wani kuɗi na daban da ake lissafawa bisa nauyin mota. Maƙwabcina yana da kurosoba ta kamfani ɗaya da tawa, injinsu iri ɗaya, kuma da muka jera takardunmu a kan teburinsa muka duba, tasa tana rukunin motocin fasinja, ba a ɗora masa ko sisi na nauyi ba. Na ɗauka kuskure aka yi, na ɗauki hutun rabin yini daga wurin aiki na tafi ofishin rajista. Ma'aikaciyar da ta saurare ni ba ta yi mini wulaƙanci ba, ta dai bayyana mini a natse cewa a dokar jiharmu duk motar da ke da buɗaɗɗen bodi a baya motar ɗaukar kaya ce, ko mai ita yana sana'a da ita ko 'ya'yansa kawai yake kaiwa makaranta. Ban ga laifinta ba. Dillalin nake zargi, wanda ya shafe fiye da awa biyu yana nuna mini wurin ajiye kofi da allon kiɗa, amma bai buɗe baki ya faɗa mini cewa wannan kuɗi zai riƙa dawo mini kowace shekara ba.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne, da na zauna na bi diddigin lamarin, sai na tarar a wurin gwamnatin tarayya motata da irin ta maƙwabcin nawa duk rukuni ɗaya suke, wato ƙananan motocin ɗaukar kaya, rukunin da ke ɗaukar motocin da nauyinsu haɗe da lodi bai wuce laba 8,500 ba, kimanin kilo 3,856. Tun daga dokar tattalin man fetur ta 1975, wadda ta biyo bayan matsalar mai ta 1973, aka sassauta wa wannan rukuni ƙa'idar shan mai fiye da motocin fasinja, bisa hujjar cewa motocin manoma da masu sana'a ne. Kamfanoni suka ga ƙofa a buɗe. Idan kurosoba tana ja da tayoyi huɗu, kuma tsayinta daga ƙasa da kusurwoyinta sun cika huɗu daga cikin ma'aunai biyar da hukuma ta shimfiɗa, shi ke nan ta zama motar kaya, alhali 'yar uwarta mai ja da tayoyi biyu tana iya zama motar fasinja. Hatta Chrysler PT Cruiser, wadda duk mai ido zai kira ƙaramar mota, a rukunin motocin kaya aka lissafa ta saboda ana iya cire kujerunta na baya. Ashe suna ɗaya ne kamfani ke cin ribarsa a tarayya, ni kuma nake biyan kuɗinsa a jiha.

A nan ne kuma na fahimci dalilin da ya sa na sha wahala kafin na samu ƙaramar a-kori-kura tun da farko. A 1964 gwamnatin Lyndon Johnson ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan motocin kaya da ake shigowa da su, domin ramuwar gayya ga harajin da Faransa da Jamus ta Yamma suka sa wa kajin Amurka, har yau kuma harajin kaza ake ce masa. Shi ne ya sa Subaru ta taɓa kafa kujeru biyu a cikin bodin motarta BRAT don a ɗauke ta a matsayin ta fasinja. Daga baya aka koma auna ƙa'idar mai da faɗin filin da ke tsakanin tayoyin mota, wanda ya sa ƙera babba ya fi wa kamfani sauƙi fiye da ƙera ƙarama. Ganin haka sai na ji zuciyata ta ɗan yi sanyi, domin samun irin tawa a kasuwa ma abin godiya ne.

Sai dai sanyin bai daɗe ba, domin a makon da na biya kuɗin ne na je ɗauko falankin katako don gyaran ɗakin yara. Tsawon kowanne ƙafa 8 ne, bodin motar kuwa bai kai mita ɗaya da rabi ba, dole na sauke ƙofar baya na ɗaure su da igiya, na rataya jan ƙyalle, na tuƙa a hankali har gida ina duba madubi. A kan hanya na yi ta tunanin cewa ana cajina a matsayin mai motar kaya, amma kayan da ɗan ƙaramin gyara ke bukata ma ba su shiga ciki yadda ya kamata. Kujerun baya ma sun matse wa babban ɗana ƙafa idan tafiya ta yi nisa.

Ba zan sayar da ita ba, domin ta ɗauki firji da kekunan yara da buhunan takin lambu ba tare da ta taɓa ba ni matsala ba, kuma matata ta fi son tuƙa ta a kan tsohuwar motarmu. Amma duk wanda ya tambaye ni, ina gaya masa ya fara bincika rukunin da jiharsa za ta sanya motar da abin da zai riƙa biya duk shekara, ya kuma auna bodin da tef kafin ya sa hannu a takarda. Wurin wancan dillalin kuwa, ko canjin baƙin mai ban sake komawa ba.