Wasiƙa daga Dakar: inda jikka ke tafiya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da Inna da yara. Ka tambaye ni yadda aka yi kuɗin da kake aikowa ke ƙarewa tun wata bai raba ba, alhali sefar da ke hannunka a Maraɗi ita ce a hannuna a Dakar. Gaskiyarka, takarda ɗaya ce, babban bankin da ke buga ta, BCEAO, hedkwatarsa ma a garin nan take. Sai dai jikka, wato sefa dubu, a nan ba ta da auki.

Ɗaki ne ke cinye ta. Ɗakunan cikin jami'ar Cheikh Anta Diop ba su isar ɗalibai, shi ya sa mu uku muka haɗu muka kama ɗaki guda a unguwar Fass, inda muke takawa da ƙafa zuwa aji. Abin da muke biya a wata zai kama wa mutum gida sukutum da tsakar gida a Maraɗi. Kafin a ba mu makulli sai da muka ajiye kuɗin jingina, muka sallami dillali da kuɗin wata guda. Teku ce ta kewaye garin ta fuska uku, fili ba ya ƙaruwa, mutane kuwa kullum shigowa suke. Wutar kuran ma kafin ka sha sai ka biya. Akwai mita da ake kira Woyofal, ka sayi lambobi ta waya ka danna mata. In sun ƙare, duhu ne ko da tsakiyar karatu. Amma in ka biya, wutar ba ta cika ɗaukewa ba, wannan kam na yaba musu.

Abinci shi ne ya ba ni mamaki, don komai a juye yake. Kifi, wanda a gida sai mai hali, a nan shi ne cefanen talaka, musamman wani ƙarami mai ƙaya da suke kira yaboy. Nama kuma sai a yi ta kallonsa. Abincin rana kusan kullum cebujen ne, shinkafa da kifi da kabeji da rogo, kuma tsakin shinkafa suka fi so, wanda Inna za ta ce a zuba wa kaji. Na raina shi da farko, yanzu ni ke neman ƙari, don ya fi shan miya. A gidan abincin jami'a tikitin safe dala goma ne, na rana da na dare dala ashirin-ashirin, in kana da haƙurin layi. Burodi dogo dala talatin, kofin kafe Tuba mai yajin kimba dala goma a kowace kusurwa. Kuka da daddawa da zogale duk akwai su a kasuwar Tilen, sunayen kawai suka canza. Fura ce babu. Suna da cakiri, gero da nono, ɗan'uwan dege, amma ba ya kwantar da ƙishin fura.

In kewar gida ta dame ni, wurin masu tsire nake zuwa. Ka san me suke kiran naman da ake gasawa da ƙuli da yaji? Dibi Hausa. Masu sana'ar da yawa mutanenmu ne na Nijar, da na yi sallama da Hausa sai fuska ta sake, wani lokaci har da gyara.

Faransancin da na zo da shi yana aiki a aji da ofis, a kasuwa kuwa tsada yake jawo mini. Da ka buɗe baki da shi an gane baƙo ne. Wolof ne harshen ciniki. Abin daɗin, su ma da dala suke lissafi, suna ce mata derem, sefa biyar kamar tamu. Abin da ya kusa kunyata ni shi ne junni. Na ɗauka ita ce jikkarmu, ashe jikka biyar ce. Na taya takalmi junni biyu ina murna na yi wayo, mai kaya ya sallama da sauri, sai da na miƙa jikka biyu ya dube ni ya yi dariya. Da ƙyar na zame.

Sufuri iri-iri ne. Akwai tsofaffin kar rapid masu fentin shuɗi da rawaya, yaron mota na rataye a baya yana ƙwanƙwasa kwabo a jikin ƙarfe don direba ya tsaya. Arha, amma kada ka shiga in kana da jarrabawa. Akwai manyan bas masu aiki da lantarki da suka fara a 2024, suna da hanyarsu ta kansu daga Petersen zuwa Gejawaye, cunkoso ba ya taɓa su. Jirgin ƙasa na TER kuma tun ƙarshen 2021 yake kai mutane Jamniyajo. Kusan komai da waya ake biya, har mai shagon unguwa yana da Wave, wata manhajar tura kuɗi ta waya, kuma sefa ɗaya cikin ɗari suke cira in ka tura wa wani.

Sanyin nan daban ne da hunturunmu, iskar teku ce mai laima, wanki sai ya kwana bai bushe ba. Don haka in an sami mai zuwa, a haɗo mini rigar sanyin nan da na bari a akwatin Inna, da kilishi, da cuku ko guda goma ne. Kuɗin ɗaki kuma ranar biyar ga wata mai gida ke ƙwanƙwasa ƙofa, in da hali su riga shi isowa. A gaida Inna, a ce mata ina cin abinci.