Lesin ɗin fiziks da na kai ƙanwata a wajajen Ƙofar Kaura

Masu tambayata ina na sa ƙanwata lesin, wani gida ne nan wajajen Ƙofar Kaura, malami ɗaya ke yin fiziks daga la'asar zuwa magariba, wata biyu kenan tana zuwa.

Abin da ya sa na yarda da wurin dokar Niyuton ta uku ce, waccan da masanin kimiyyar ya fitar tun 1687. Yarinyar nan ta haddace ta kamar karatun allo, wai duk abin da ka tura shi ma yana turo ka da ƙarfi daidai da naka, amma in ka ce mata to don me ƙarfin biyu ba su soke juna komai ya tsaya cik ba sai tai shiru. Rannan na je ɗaukarta da wuri na zauna bencin baya, sai malam ya fiddo sikeli biyu irin mai ƙugiya ya sarƙe su, ya ba yara biyu ya ce ku ja, ɗaya ƙato ɗaya ɗan firit, amma duka sikelin lamba ɗaya suka nuna. Ya ce to kun gani, ƙarfin biyu ne amma ba kan abu ɗaya suke sauka ba, ɗaya kanka ɗaya kan abokinka, ta ina za su soke juna?

Sai ya kawo jaki da amalanke. Amalanke na jan jaki baya daidai yadda jakin ke janta gaba, abin da ke tafiyar da shi kofato ne da yake tura ƙasa baya ita kuma ƙasa ta tura shi gaba.

Inda ya fi burge ni littafi kan tebur. Ya ce kada wanda ya rubuta mashi nauyin littafi da turin tebur a matsayin abokan juna na wannan doka, don duk kan littafin suke. Duniya na jan littafi ƙasa, to abokin wannan shi ne littafin ma yana jan duniya sama. Wallahi ni da na gama sakandare da daɗewa sai ranar na gane.

Matsalar wurin kam cunkoso, yara sun yi ma ɗakin yawa, in an ɗauke wuta zufa har kan takarda, kuma ba kullum yake samun duba aikin gida ba. Na yi mashi magana ya ce in sha Allahu zai raba ajin biyu. Kafin nan dai duk mai kai yaro ya tura shi da wuri ya samu bencin gaba.