Pix na Brazil: sauri babu kuɗin tura, amma kuskure yana da tsada

Wanda zai yi sayayya a São Paulo, a shagunan titin 25 de Março ne ko wajen mai tallar ayaba a bakin hanya, Pix zai fi ji a bakin masu kaya. Hanya ce ta tura kuɗi nan take da Babban Bankin Brazil ya buɗe ranar 16 ga Nuwamba, 2020. An soma aikin tun 2018 zamanin shugaban bankin Ilan Goldfajn, amma a hannun magajinsa Roberto Campos Neto ya fito fili. Kakansa, Roberto Campos, masanin tattalin arziki da aka haifa a Cuiabá a 1917, shi ne ministan tsare-tsare daga 1964 zuwa 1967 a gwamnatin soja ta Castelo Branco, kuma shi da ministan kuɗi Octávio Gouvêa de Bulhões suka jagoranci dokar Disamban 1964 da ta kafa wannan banki. An san kakan da ƙin hannun gwamnati a kasuwa. Sai ga shi abin da ya ɗaga Pix ƙarfin gwamnati ne: babban banki ne ke tafiyar da shi, kuma duk bankin da ke da asusu sama da 500,000 dole ya shiga, ko yana so ko ba ya so.

Kafin komai sai da CPF, lambar shaidar mai biyan haraji a Brazil mai lamba 11, wadda baƙo ma yake iya samu, sannan asusu a banki ko manhajar kuɗi ta Brazil. Ba a sauke wata manhaja daban. Pix yana cikin manhajar bankinka. A ciki za ka yi rajistar makulli, wato abin da za ka ba mutum maimakon lambar asusu: CPF, lambar waya, imel, ko jerin haruffa da lambobi da tsarin zai ƙirƙira maka. Mutum yana iya ajiye makulli biyar a asusu ɗaya, kamfani ashirin. Mai kasuwa ya fi kyau ya riƙa ba da makullin da aka ƙirƙira ko lambar QR, don liƙa CPF ko lambar waya a bangon shago tamkar miƙa wa 'yan damfara kayan aiki ne.

Kuɗi kan sauka cikin daƙiƙu goma, dare da rana, har Lahadi da ranakun hutu. Mutum ba ya biyan ko sisi idan zai tura. Kamfanoni ne banki ke iya cajinsu, kuma farashin ya danganta da banki. Da can hanyoyin tura kuɗi tsakanin bankuna su ne TED da DOC: TED sai ranar aiki kuma da kuɗin tura, DOC kuwa sai washegari, shi ma an rufe shi a 2024. Tun Nuwamban 2021 ana iya biya da Pix a karɓi tsabar kuɗi a shagon da ya yarda, kusan yadda masu POS ke yi a Kano, sau takwas a wata kyauta.

Iyakokin ne ke ba sabon shiga mamaki. Daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, abin da mutum zai tura wa wani mutum ba ya wuce real (kuɗin Brazil) 1,000. An sa wannan ne a Oktoban 2021 bayan 'yan fashi sun soma tsare mutane suna tilasta musu kwashe asusu ta waya. Ana iya neman ƙari, amma banki ba zai amince ba sai bayan awa 24 zuwa 48, da gangan. Mai biyan kuɗin kaya da yamma ya nemi ƙarin tun kwana biyu kafin nan. Sabuwar wayar da ba a yi wa rajista da banki ba kuwa, tun Nuwamban 2024, real 200 ne a tura ɗaya, 1,000 a yini.

Inda Pix ya gaza shi ne dawo da kuɗi. Da ka danna, sun tafi. Idan kai ka kuskure makulli, sai dai ka roƙi wanda ya karɓa; yana da maɓallin mayarwa har kwana 90, amma banki ba zai tilasta masa ba. Shi ya sa karanta sunan da ya bayyana kafin tabbatarwa ba ɓata lokaci ba ne. Idan damfara ce, akwai tsarin dawo da kuɗi na musamman mai suna MED: ka kai ƙara bankinka cikin kwana 80, a toshe kuɗin, a yi bincike na kwana bakwai. A takarda yana da kyau. A zahiri ɗan damfara kan watsa kuɗin zuwa wasu asusu cikin mintuna, a tarar da asusun farko fayau, don haka wanda ya kwana bai kai ƙara ba ya rage wa kansa dama sosai.

Dabaru biyu sun fi cin masu shago. Ta farko, mai saye ya nuna rasit a wayarsa alhali tura ce da aka ajiye wa wata rana, yana fita ya soke. Rasit a wayar wani ba shaida ba ne. Sai ka ga kuɗin a manhajarka. Ta biyu ta fi wayo: a turo maka kuɗi, a kira ka da ladabi a ce kuskure ne, a roƙe ka ka mayar ta wani makulli daban. Kana turawa, mutumin ya kai ƙararka ta MED, a sake cire kuɗin daga asusunka, kuɗin su fita sau biyu alhali sau ɗaya suka shigo. Ka mayar kawai ta maɓallin mayarwa da ke jikin wannan turawar, wanda ke komar da kuɗin asusun da suka fito.

Pix bai ƙetare iyaka da kansa ba. Mai son aika kuɗi gida Najeriya ko Nijar zai iya biyan kamfanin aika kuɗi da Pix, amma canji da cajin kamfanin suna nan, har da IOF, harajin da Brazil ke ɗora wa hada-hadar kuɗi.