Hattara da mai tallar akwatin lasifika "inci 18" a guruf-guruf na Yamai

Assalamu alaikum jama'ar Yamai, musamman masu ba da hayar kayan sauti na biki da suna, da matasan da ke son haɗa babbar lasifika a ɗaki. Akwai wani mutum da ke tallar akwatin lasifika inci 18 a WhatsApp da Facebook. Ba zan sa suna ko lamba ba, don kowane ciniki da sabuwar lamba yake zuwa. Sana'ata gyaran ampli (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da lasifika ce, kuma akwatunansa sun fara isowa shagona, duk ciwonsu ɗaya.

Bidiyo yake fara turowa: akwati baƙi sanye da kafet, kiɗa na tashi har kofin shayi na rawa a kansa. Ya ce an ƙera shi "bisa lissafin injiniya", wat 10,000, kuɗinsa kuwa wajen rabin abin da ka sani a kasuwa. Sai ya nemi rabi tukuna, wai na sayen katako, a tura masa ta kamfanin aika kuɗi. Ranar kawo kaya ba shi ke zuwa ba. Yaro ne a taksi, bayan magariba, yana sauri, in an dace ma an ɗauke kuran. Ka jinjina akwati ka ji nauyi, ranka ya kwanta, ka cika sauran. Washegari lamba a kashe.

Na baya-bayan nan wani matashi ne ya kawo daga Talladje. Ya ce mini, "Malam, ampli ɗina ne ya mutu ko me? Sauti ba ya fita, sai ƙara kamar ana buga ƙofa." Na ce, "Ƙanena, bar ampli tukuna, miƙo sukundireba."

Daga waje akwatin ya kai santimita 60 faɗi, 60 zurfi, 70 tsawo. Da katako mai kaurin milimita 18 aka yi shi, da cikinsa ya ba da wajen lita 210. Lissafin ba wuya: auna cikin da santimita, ka ninka faɗi da zurfi da tsawo, ka raba da 1,000. To wannan an raba cikinsa biyu da allo, an cika ƙasan da buhunan yashi. Nauyin da ya burge matashin ke nan. Wurin da ya rage wa lasifika ko lita 120 bai kai ba. Katakon kuma na garin katako ne da aka matse, milimita 12, an kafe da ƙusa, babu gam, babu sanda ko ɗaya da ta riƙe bango da bango. Irinsa damina ɗaya ta ishe shi kumbura. Ragar gaba inci 18 ce, wato kusan santimita 46, amma lasifikar da ke bayanta inci 15 ce, santimita 38. Maganaɗisun an rufe shi da ƙatuwar hular roba mai tambarin wani babban kamfani, da na ɓalle ta sai ga ɗan ƙarami a ciki. Ramin iskar da ke gaba ma bututun ruwa ne aka yanko guntu aka shafa wa baƙin fenti.

Nan ne nake son mu tsaya, don da maganar "lissafin injiniya" yake cin mutane. Lissafin gaskiya ne, akwai shi. Wani injiniya ɗan Ostireliya, Neville Thiele, ya fitar da shi a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, shi ya sa har yau ake kiransa da sunansu. Duk kamfanin kirki yana ba da takarda mai ɗauke da lambobin lasifikarsa, kuma uku ne kan gaba: Fs (saurin kaɗawar da lasifikar ke yi da kanta), Qts (yadda take tsayar da kaɗawar) da Vas (laushinta, a awon litar iska). Da su ake sanin lita nawa akwati zai zama, da ko rufaffe ya dace da ita ko mai ramin iska. Ramin kuma ba ado ba ne. Faɗinsa da tsawonsa da girman akwatin su ke yanke inda ƙasan sauti zai tsaya, kuma manyan akwatunan biki na inci 18 galibi ana saita su wajen Hz 35 zuwa 40, wato kaɗawa 35 zuwa 40 a daƙiƙa. In an yi ramin da ka, sai ya riƙa huci, ko kuma takardar lasifika, wato fuskarta mai kaɗawa, ta riƙa tsalle babu iskar da ke tare ta har bobin, naɗin wayar da ke motsa ta, ya daki ƙarfe. Bugun ƙofar da matashin ke ji ke nan. Ku tambayi mai tallar nan Vas na lasifikarsa da tsawon ramin. Wanda ya yi lissafi zai amsa nan take.

Zancen wat 10,000 kuwa abin dariya ne. Kuran ɗin gidajenmu volt 220 ne, soket mai ampiya 16 iyakar abin da zai ba ka wajen wat 3,500. Irin waɗannan manyan lambobi na PMPO ne, wato ƙarfin ɗan ƙiftawar ido, na talla. Lambar RMS za ka nema, wato ƙarfin da lasifika ke iya ɗauka ba tsayawa, ka kuma tambayi faɗin bobin: inci 18 mai ƙarfi na gaske yawanci bobin inci 4 gare ta.

Kada kowa ya yi cinikin biri a sama. Ka je da rana, da ampli ɗinka da kiɗanka, ka ce a kwance lasifikar daga akwati a gabanka. Sukurori takwas ne galibi, aikin minti biyar. Leƙa ciki da tocila, sa tef ka auna, duba kaurin katako a bakin ramin da aka yanka. Ɗaga lasifikar ita kaɗai: inci 18 mai babban maganaɗisu irin na da tana wuce kilo 10. Akwai masu maganaɗisun neodiyom da ba su da nauyi, amma tsada gare su, ba a samunsu a kayan araha. Ɗora mitar awon lantarki a kan wayoyinta: lasifikar da aka rubuta mata om 8 za ta nuna tsakanin 5 da 7. Danna takardar fuskarta a hankali da yatsu ta kowane gefe daidai, in ka ji karce, bobin ya ƙone ko ya karkace. Ƙaramin batir na volt 1.5 ma ya isa ya nuna maka tana motsi gaba da baya. Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce "buɗewa zai ɓata saitin", tashi ka ba shi wuri.

Ni a ganina ma, sayen akwati a rufe bai da amfani ga mutumin Yamai. Sayi lasifikar daban tare da takardar lambobinta, ka shiga kasuwar Katako ka zaɓi katako mai hawa-hawa na milimita 18 da idonka, ka kai wa kafinta awon ciki, ba na waje ba. A sa gam da sukuru, a sa sanduna a ciki, a toshe duk wata kafa. Tsada za ta ɗan fi, amma ka san abin da ke ciki.

Waɗanda abin ya riga ya shafa, kada ku goge saƙonninsa. Ku adana bidiyon, da muryoyin da ya turo, da rasit ɗin aika kuɗi mai sunan wanda ya karɓa, ku kai ofishin ƴan sanda na unguwarku. Akwatin ma ku bar shi yadda yake, da yashinsa, har sai sun gani.